Yarinyar Da Baba Yake Jira

"Sai yaushe, Ummu?"

Ban ɗago kaina ba. Ina tsaye a bakin zauren gidanmu ina murza gefen hijabina, shi kuma yana jingine da mashin ɗinsa, ƙafar wandonsa duk ta ɓaci da jar lakar hanya.

"Na ce sai yaushe?"

"Ai na faɗa maka, Ya Mahadi... sai Baba ya warke."

Ya yi wata 'yar dariya wadda babu daɗi a cikinta.

"Bara haka kika ce. Bara waccan ma haka kika ce."

"To ya kake so in yi? In tafi in bar shi? Ka san ba ya cin abinci sai daga hannuna!"

"Ban ce ki bar shi ba. Ban taɓa cewa ki bar shi ba! Rana kawai na ce ki ba ni. Hajiyarmu ta gaji da tambayata, ni kuma na gaji da ƙirƙiro mata amsa."

"In ka gaji ai sai ka..."

"Kar ki ƙarasa." Ya rage murya. "Ummuna, dube ni. Wallahi tun da na san ki zuciyata ba ta taɓa leƙa wani gida ba. Amma akwai maganar da kowa ya sani, ke kaɗai kika ƙi jinta."

"Wace magana?"

Ya kau da kai. Yana kallon gonar masarar da ke bayan gidanmu, iska tana kaɗa ganyenta.

"Baba ba zai warke ba, Ummu."

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Ban san lokacin da na ɗago na zuba masa ido ba.

"Kai ne Allah?"

"Subhanallahi! Ba haka nake nufi..."

"Tafi! Don Allah tafi! Tun da har ka iya buɗe baki ka faɗi wannan a kan ubana, kar ka ƙara tako ƙofar gidan nan!"

Ya tsaya yana kallona, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ina jira ya ba ni haƙuri kamar yadda ya saba. Bai ba ni ba. Ya hau mashin ya tayar, na bi ƙararsa da kunne har ta ɓace a hanyar Funtuwa.

Daga cikin gida na ji muryar Baba.

"Hajjo! Hajjo, kina ina?"

Hajjo sunan mahaifiyata ne. Ta rasu tun ina sakandare. Na share fuskata da hijabi, na gyara murya, na amsa kamar yadda take amsa masa.

"Na'am, Malam. Ga ni nan tafe."

*

Sunana Ummukulsum, ni ce auta a gidan Malam Ummaru malamin gona. Duk Tsiga da ƙauyukanta babu wanda bai san Baba ba. A zamaninsa, in ya ɗaga kai ya dubi gabas ya ce a shuka, to shuka ake yi. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan wani tsohon babur, yana bin gonaki yana nuna wa manoma tazarar da ake bari tsakanin ramin auduga da ɗan'uwansa.

Mantuwar Baba ce ta kawo mini Mahadi. Yana da shagon sayar da iri da taki a Funtuwa, Baba kuma a nan yake sayayya, su zauna su yi ta musu a kan wane irin masara ya fi jure fari. Wata rana Baba ya mance tabaraunsa a shagon. Da yamma sai ga saurayi ya yi sallama a ƙofarmu da tabarau a hannu, ni na fito na karɓa. Ya miƙo mini ya juya, ya sake juyowa, ya ce shi ma kamar ya mance wani abu. Na ce mene ne? Ya ce tambayar sunana.

Ranar mun yi ta yi wa Baba dariya a kan tabarau. Ba mu san farkon abin ke nan ba.

A hankali ciwon ya zo, kamar yadda gara take cin azara. Baba zai dawo daga masallaci ya wuce ƙofar gidansa, sai yara su komo da shi. Zai idar da Azahar ya shafa addu'a, ya juyo ya tambaye ni ko an yi kira. Wata safiya da tsakiyar rani ya saɓi sungumi ya ce shuka za shi, ƙasa kuwa ta bushe ƙamas.

Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce iska. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi ruƙiyya. Daga ƙarshe Yaya Awwal, babban wanmu da ke aiki a Kaduna, ya ɗauke mu zuwa asibiti a Zariya. Likita ya ce ciwon mantuwa ne da ke kama ƙwaƙwalwa. Ya ce lallaɓa shi ake yi, ba a warkar da shi. Ina zaune a wurin, da kunnena na ji. Amma kafin mu fito ƙofar asibitin na riga na ajiye maganar can gefe, na ce likita mutum ne kamar kowa.

Yayyena mata duk suna gidajen aurensu. Ni na ajiye karatun koyon malanta da na fara, na ce zango ɗaya kawai zan yi a gida.

Zangon da bai ƙare ba ke nan.

*

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, akwai daɗi a cikin duniyar Baba.

Bayan La'asar nakan shimfiɗa masa tabarma a gindin mangwaron tsakar gida, in kawo masa kunun tsamiya in zauna daga gefe. Sai ya lumshe ido ya tafi wata shekara da ban sani ba, ya ja ni mu tafi tare.

"Hajjo, kin ga auduga bana? Fari fat har inda ido ya tsaya. Motoci sun yi layi a fulotin sayar da auduga suna jiran awo. In aka sayar, keken ɗinkin nan da kike so sai na sayo miki."

"Allah ya sa, Malam."

"Kin tuna ranar da rafi ya kawo muna dawowa daga gidanku? Na ɗora ki a keke ina turawa, ruwa har ƙuguna, kina ta salati kina riƙe da hulata?"

"Na tuna."

"Kin ce in na sake ki ba za ki yafe mini ba." Sai ya yi dariya har haƙoransa su bayyana. "Na sake ki?"

"Ba ka sake ni ba."

A gabanmu Baba bai taɓa ko kiran sunan Innarmu da wasa ba, saboda kunya irin ta mutanen da. Sai ga shi yanzu ina jin yadda ya so ta, daga bakinsa, ina zaune a mazauninta. A can inda yake kai ni babu mara lafiya, babu wanda ya mutu. Kullum damina ce mai albarka, kullum Inna tana ɗaki tana tankaɗe. Wani lokaci har nakan ji kamar ƙamshin turarenta ya gifta.

Na saba da can har nan ya fara kuɓuce mini. Ban san Talata ba, ban san Laraba ba. Juma'a kaɗai nake ganewa, domin ranar ce Mahadi yake zuwa ya yi wa Baba aski ya kai shi masallaci. Da na kore shi, Juma'ar ma ta shige cikin 'yan'uwanta.

Abu ɗaya ne yake yanka ni. Kullum in rana ta take, Baba zai leƙa zaure ya dawo.

"Hajjo, Ummukulsum ba ta dawo daga makaranta ba?"

A kansa ni yarinya ce 'yar aji biyu, mai jakar buhu da guntun fensir. Ina tsaye a gabansa da girmana, yana tambayata ina nake.

"Tana hanya, Malam," nake cewa.

Wata rana ƙawata Fiddausi ta zo gaishe mu, wani yaro yana biye da ita yana ta surutu.

"Wannan na waye?" na tambaye ta.

Ta buɗe baki tana kallona.

"Ummu! Abubakar ɗina ne fa! Wanda kika zo sunansa!"

A raina jariri ne cikin zanen goyo. Na yi dariya na ce wasa nake yi. Da suka tafi na shiga ɗaki na daɗe a gaban madubi, ina neman yarinyar da ta karɓi tabarau a ƙofar gida. Ban same ta ba.

Gwaggo Tasalla, ƙanwar Baba, ita ce ba ta ɓoye mini komai. Ta zo ta tarar ina wanki, ta ja kujera ta zauna.

"An ce kin kori yaron nan."

Na ci gaba da wankina.

"Ke ɗiyar nan, shi dai Yaya Allah ne ya ɗauke mai hankali. Ke mi ya ɗauke naki?"

"Gwaggo, so nake ya ji sauƙi. So nake ya san zan yi aure, ya dube ni ya kira sunana ya sa mini albarka. Shi ke nan fa abin da nake jira."

Gwaggo ta dube ni, sai na ga idonta ya ciko.

"Ni da muka sha nono guda da shi, jiya cewa ya yi wace baƙuwa ce wannan. Ki jira, Ummukulsum. Amma ki sani kwanakin da kike zubarwa ba a kwaso su."

*

Ranar da abin ya faru, tun safe Baba ya tashi da rikici. Ya ƙi wanka, ya ƙi canza riga. Ni kuma ban sami barcin kirki ba, kaina yana sarawa. Makonni sun shuɗe ban ji muryar Mahadi ba. Kullum sai na ɗauki waya in nemo sunansa, in ajiye.

Da rana na kawo tuwon masara da miyar kuka. Na gutsuro na kai bakinsa, ya kau da kai.

"Ummukulsum ba ta dawo ba?"

"Tana hanya. Ci abinci."

"Ba zan ci ba sai ta dawo. Ba ta dawo ba?"

"Na ce tana hanya."

"Hajjo, wace irin uwa ce ke? Yarinya ba ta dawo ba kina zaune!"

Ya ture kwanon. Miya mai zafi ta kwaro mini a hannu da cinya. Ban san daga ina muryar ta fito ba, na dai ji ta cika gidan.

"Ni ce Ummukulsum! Ni ce! Dube ni, Baba! Babu wata yarinya da za ta dawo, ni ce na girma ina tsufa a gabanka! Hajjo ta mutu! Ta mutu tuntuni, mun binne ta!"

Gidan ya yi tsit. Har kaji suka daina tono.

Baba ya zuba mini ido.

"Hajjo... ta rasu?"

Na toshe bakina da hannu.

"Yaushe? Innalillahi... yaushe? Don mi ba a gaya mini ba? Wa ya yi mata salla?" Ya dafa ƙasa zai tashi, ya kasa. "Hajjo! Da safe fa muka yi magana..."

Ranar da Inna ta rasu da gaske, Baba bai yi hawaye a gabanmu ba. Yau sai ga shi yana kuka kamar yaro, kafaɗunsa suna girgiza. Ni na kashe masa ita a karo na biyu, da bakina.

Na faɗi na riƙe ƙafafunsa.

"Baba, ka yafe mini! Ƙarya nake yi! Don Allah ka yafe mini!"

Ya yi ta kuka har barci ya ɗauke shi a kan tabarma. Ina zaune ina yi masa fifita, hannuna yana raɗaɗi ban ko duba ba. Da ya farka ya dube ni da murmushi.

"Hajjo, mi ya sami idonki? Hayaƙi ne?"

Wannan ta fi kukan ciwo. Na ce hayaƙi ne. Na shige ɗaki na kifa kaina a katifa, na yi kukan da na daɗe ina tarawa, har ban san lokacin da barci ya sace ni ba.

Rugugin tsawa ne ya tashe ni. Gari ya yi duhu da hadari, iska tana wasa da ƙyauren zaure. Tabarma tana nan. Baba ba ya nan.

*

Na fita ko takalmi babu. Masallaci, ba ya nan. Majalisar tsofaffin abokansa, ba su gan shi ba. Nan da nan unguwa ta ɗauka, maza suka bazu, wasu suka yi gona, wasu suka yi bakin rafi. Masara ta fi tsayin mutum, in ya shiga ciki wa zai gan shi? Ga kuma halin da daji yake ciki a 'yan shekarun nan, wanda ko mai hankali ba ya yin nisa shi kaɗai.

Na danna lambar da na yi makonni ina kallo. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Ya Mahadi... Baba..."

"Me ya same shi?"

"Ya fita. Ba mu gan shi ba. Ni ce... ni na jawo..."

"Ga ni nan."

Kafin ya iso ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Waɗanda suka je gona sun dawo, na rafi sun dawo, kowa yana girgiza kai. Ina tsaye a zaure Gwaggo tana riƙe da ni, sai ga fitilar mashin tana keta ruwa. Ya sauko jagab, ko gaisuwa bai tsaya yi ba.

"Da me ya fita? Ya ɗauki fartanya?"

"Tana nan."

"Carbi? Buta?"

Na ruga ɗakin Baba na dudduba. Komai yana nan, sai ƙusar da ke bayan ƙofa ce babu komai a jikinta.

"Lema," na ce. "Lema ya ɗauka."

"Lema?" in ji Gwaggo. "Yaya da ko ana ruwan ƙanƙara ba ya shiga lema?"

Sai na ji abin ya dawo mini gaba ɗaya. Ina ƙarama ina tsoron tsawa. Duk ranar da hadari ya haɗo muna aji, in na leƙa taga sai in hango Baba a tsaye a bakin makaranta, ya baro aikinsa, da lema a hammata.

"Makaranta! Firamare ya tafi!"

"Ai ana hutu," wani ya ce.

"Shi bai sani ba!"

Ban taɓa hawa bayan mashin ɗin Mahadi ba sai ranar. Gwaggo da kanta ta ce in hau.

Makarantar tana can ƙarshen gari, ciyawa ta rufe filinta, azuzuwa duk a kulle. Daga nesa na hango farar riga a barandar ajin da ke gefe. Yana tsaye ya jiƙe sharkaf, yana rawar sanyi, ya rungume lemar a ƙirjinsa a naɗe.

Na yunƙura zan ruga, Mahadi ya ce, "A hankali, kar ki firgita shi."

Baba ya ga Mahadi ya yi saurin gyara tsayuwa.

"Yawwa, Malam, sannu da aiki. 'Yan aji biyu ba su tashi ba? Ɗiyata na zo ɗauka, Ummukulsum. Tsoron tsawa take yi."

Mahadi ya russuna kamar yadda ya saba gaishe shi.

"Ai an tashe su tun ɗazu, Baba, da aka ga hadari. Tana gida."

"Ba ta jiƙe ba?"

"Ko ɗigo bai taɓa ta ba."

"Alhamdulillahi." Ya sauke ajiyar zuciya, duk jikinsa ya saki. "Tana ƙoƙari kuwa a aji?"

Mahadi ya waiwayo ya dube ni.

"Babu kamarta, Baba. Sai dai taurin kai."

Baba ya yi dariya. "Na uwarta ne."

Na matso kusa da shi.

"Malam, me ya sa ba ka buɗe lemar ba? Dubi yadda ka jiƙe."

Ya dube ni kamar na yi tambayar wauta.

"Ai tata ce."

*

Ruwa ya hana mu tafiya. Mahadi ya buɗe akwatin mashin ya ciro rigar sanyi busasshiya, muka cire wa Baba jiƙaƙƙiyar muka sa masa. Ya zauna ya jingina da bango, ba a jima ba ya fara gyangyaɗi. Na buga wa Gwaggo na ce an gan shi.

Muka zauna a bakin barandar, tsakaninmu da 'yar tazara. Ruwa yana zuba daga kwano kamar labule, bayansa gonaki sun yi shuɗi-shuɗi, ba ka rabe ƙasa da sama. Na ji kamar duniya ta tsaya, mu uku kaɗai muka rage a cikinta.

"Ba zai warke ba," na ce.

Wannan ne karon farko da bakina ya furta.

"Ki yafe mini yadda na faɗa miki ranar."

"Gaskiya ka faɗa. Tun a Zariya na sani." Hawaye suka gangaro, ban share ba. "Ina nan ina jira ya dawo ya gane ni. Shi kuma yana can yana jirana a bakin aji. Kowa yana jiran ɗan'uwansa, kuma ba za mu haɗu ba."

"Amma kin ga inda ya zo. Ya mance gidansa, ya mance shekarunsa, bai mance kina tsoron tsawa ba."

Na kifa kaina a gwiwa na yi kuka sosai. Ya bar ni har na gaji.

"Yau na yi masa tsawa, Ya Mahadi. Na ce masa Inna ta mutu. Ban san ina da irin wannan zuciyar ba."

"Gajiya ce, Ummuna. Kin ɗauki abin da mutum ɗaya ba ya ɗauka, kin hana kowa ya kama miki."

"Na cinye shekaruna, na haɗa da naka."

"Nawa ni na bayar, ba ƙwata kika yi ba." Ya ɗan yi murmushi. "Kin zaci da kika kore ni zama na yi? Gidan da ke jikin katangarku, na Alhajin da ya koma Malumfashi, na je na same shi. Ya yarda ya ba ni haya. Ƙofa kawai za a fasa a katangar. Da safe ki ba Baba kokonsa, da rana ki ba shi tuwonsa, Gwaggo ta ce za ta dawo ta riƙa kwana."

Na ɗago da sauri. "Gwaggo ta sani?"

"Da ita muka ƙulla."

"Hajiya fa? Za ta yarda ɗanta ya bar Funtuwa ya tare a garin matarsa?"

"Da farko ta ce sam. Ta ce za a ce an shanye ni. Daga baya ta tuna ita ma ta yi jinyar mahaifiyarta, ta ce yarinyar da ta riƙe ubanta haka ba za ta yar da ɗanta ba."

"Shagon fa? Kullum za ka yi ta zarya a hanyar nan, rani da damina?"

"Hasken idona, ai dama kullum zuciyata tana kan hanyar nan. Gangar jikin ce kawai za ta bi ta."

Na yi dariya cikin kuka. Rabona da dariya ta gaskiya har na mance.

"To sai yaushe?" ya tambaya a hankali.

Na dubi masarar da ruwa yake duka, ta fara fitar da gemu.

"In an cire amfanin gona."

*

Baba ya yi zazzaɓi na 'yan kwanaki saboda dukan ruwan, Allah ya tashe shi. Da kaka ta yi, aka ɗaura aure a masallacin unguwarmu, Baffanmu ya yi walicci. An sa wa Baba babbar rigarsa an zaunar da shi a sahun gaba. Yaya Awwal ya ba ni labarin yadda Baba ya yi ta amsa amin da ƙarfi, yana tambayar auren waye.

Da yamma, kafin a raka ni, Gwaggo ta kamo hannuna ta kai ni gindin mangwaro inda yake zaune. An lulluɓe ni, ga lalle, ga ƙamshi. Mahadi ya shigo da abokinsa suka durƙusa daga gefe. Na durƙusa a gaban Baba. Duk da abin da na ce a baranda, akwai wani ɗan wuri a raina da bai daina sa rai ba.

Gwaggo ta ɗage mayafin.

"Yaya, ga amarya an kawo ka sa mata albarka."

Baba ya gyara tabarau ya dube ni. Ya daɗe yana kallona.

"Masha Allah," ya ce. "Ɗiyar wa ce?"

Gwaggo ta buɗe baki, na matse hannunta.

"Ɗiyar wani malamin gona ce, Baba," na ce.

"Ayya! Abokin aikina ne ashe. To ya iya tarbiyya, daga gani." Ya juya wajen Mahadi. "Kai ne angon?"

"Ni ne, Baba."

"Ka riƙe ta amana. Ɗiya mace ba a ba da ita don an gaji da ita. Ubanta yana can yanzu, cikinsa kamar an yashe."

"In sha Allahu, Baba."

Ya ɗora hannunsa a kaina. Hannun da ya riƙe ni ya kai ni aji, yanzu ya yi sauƙi kamar busasshen ganye.

"Allah ya yi miki albarka, ɗiyata. Allah ya ba ki masu yi miki abin da kika yi wa iyayenki. Allah ya sanyaya miki kamar yadda kika sanyaya musu."

Tsakar gidan ta amsa da amin, mata suna share ido.

Bai ɗauke hannun ba. Ya sunkuyo ya rage murya, kamar zai gaya mini asiri.

"Ni ma ina da ɗiya, ƙarama ce. Ummukulsum. Kullum ina roƙon Allah ya nuna mini ranar aurenta."

"Zai nuna maka, Baba."

"Kin ce?"

"Na tabbata."

Ya gyaɗa kai yana murmushi. Sai ga hawaye suna bin kumatunsa suna shiga farin gemunsa. Ya sa yatsa ya taɓo, ya duba da mamaki.

"Ikon Allah... Auren ɗiyar mutane, ni mi ya sa ni kuka?"

Na kama hannun na sumbace shi, na riƙe shi a fuskata har Gwaggo ta ce in tashi, Magariba ta kusa.